Ƙungiyoyin Fitattun Ɗalibai A Jami'o'in Amurka: Cancanta Ko Sanayya?

A watan Nuwamba na shekarar 2004 mutanen Amurka suka fita zaɓen shugaban ƙasa, ga George W. Bush na jam'iyyar Rifablikan, ga kuma John Kerry na jam'iyyar Dimokurat. Mutanen nan biyu sun yi ta sukar juna a kan yaƙin Iraƙi da haraji da sauran al'amuran mulki, amma akwai magana guda wadda bakinsu ya zo ɗaya a kanta. Wani ɗan jarida na gidan talabijin, Tim Russert, ya tambayi kowannensu, a lokuta dabam dabam, labarin wata ƙungiya da suka shiga tun suna ɗalibai a Jami'ar Yale, kowa kuwa ya amsa masa da cewa abin asiri ne, ba ya faɗuwa. Kerry ya gama Yale a 1966, Bush a 1968. Sunan ƙungiyar Skull and Bones, watau Ƙoƙon Kai da Ƙasusuwa, kuma mutum 15 rak take ɗauka a shekara. Ƙasa mai mutane kusan miliyan 300, ta tashi neman shugaba, sai ga shi manyan 'yan takaran nata duka biyu daga ɗaki ɗaya suka fito.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, kwanan baya wani aminina ya zo mini da takarda, fuskarsa cike da murna. Ɗansa da ke karatu a wata jami'a a Amurka ne ya aiko masa da ita, tana cewa an zaɓi yaron ya shiga wata ƙungiya ta fitattun ɗalibai saboda hazaƙarsa, amma sai ya biya kuɗin shiga kafin ranar kaza. Aminin nawa yana so ya san ko wannan babbar daraja ce da za a yi wa walima. Na ce masa amsar ba ta zuwa sai an san wane ne ya yi zaɓen, da kuma mudun da ya auna da shi. Tun da yake 'ya'yanmu da ke karatu a can sai ƙaruwa suke yi, na ga ya kyautu in shimfiɗa wa mai karatu yadda al'amarin yake, in kuma faɗi nawa ra'ayin.

Karatun digirin farko a Amurka shekara huɗu ne. A jami'o'i da yawa, musamman tsofaffin, akwai ƙungiyoyi waɗanda ba a shigarsu sai a shekarar ƙarshe, kuma ba a neman shiga, sai dai a kira mutum. A Yale, cikin watan Afrilu, 'yan Skull and Bones 15 da ke shirin fita su ne ke zama su zaɓi magadansu 15 daga cikin 'yan aji uku. Haka Scroll and Key, wadda aka kafa a 1842, da Wolf's Head ta 1883, da sauransu suke yi. Kowace tana da gininta, na Skull and Bones kuwa wani gini ne na dutse a titin High Street cikin garin New Haven, kusan babu taga a jikinsa, su da kansu suna kiransa Kabari. A nan suke taruwa daren Alhamis da daren Lahadi har shekara ta ƙare, suna cin abinci, suna muhawara, kowa kuma yana da daren da zai ba 'yan'uwansa tarihin rayuwarsa, ba tare da ya ɓoye kome ba.

A zamanin da, a bainar jama'a ake yin zaɓen, kuma ina ganin duk wanda ya san yadda ake yi zai gane zuciyar al'amarin. Wata ranar Alhamis a watan Mayu 'yan aji uku sukan taru a farfajiyar makaranta da la'asar, 'yan kallo sun cika tagogi. Sai wakilin ƙungiya ya ratso taron, ya iske wanda aka zaɓa, ya daka masa hannu a kafaɗa, ya umarce shi ya tafi ɗakinsa, a can za a tambaye shi ko ya karɓa. Haka za a yi ta ɗauke su ɗai ɗai, har a cika adadi. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, sai su watse, kowa ya ga ba a taɓa su ba. Daga baya aka ga cin fuskar ta yi yawa, aka mai da abin cikin dare, ɗaki ɗaki. An ɓoye kunyar, amma hanyar zaɓen tana nan yadda take.

William Huntington Russell da Alphonso Taft ne suka kafa ƙungiyar a 1832. Ɗan Alphonso ɗin, William Howard Taft, shi ma ya shiga, ya zama shugaban Amurka daga 1909 zuwa 1913, daga baya kuma ya zama babban jojin ƙasar. Prescott Bush ya shiga, ya fita a 1917, ɗansa George H. W. Bush ya shiga, ya fita a 1948, jikansa ya biyo baya. Cikin 'yan ƙungiyar akwai Henry Stimson, sakataren yaƙi na Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Averell Harriman, jakadan Amurka a Mosko a lokacin yaƙin, da Henry Luce wanda ya kafa mujallar Time tare da abokinsa, da McGeorge Bundy mai ba Shugaba Kennedy shawara a kan tsaro. Ganin wannan jeri ne ya sa wasu ke cewa ƙungiyar nan ce ke juya duniya a ɓoye. Ni ban yarda da wannan ba, ban kuma ga bukatarsa ba. Ba sai an nemo aljani ba kafin a bayyana yadda 'ya'yan masu hali, da suka yi makaranta ɗaya, suka kuma san sirrin juna tun suna samari, za su riƙa buɗe wa juna ƙofa idan sun girma. Abin da ke fili ma ya isa abin dubawa.

Kada a ce ba a duba ƙoƙari ko kaɗan. An daɗe ana bin wata al'ada ta cewa kyaftin ɗin ƙwallo, da editan jaridar ɗalibai, da wani gwanin muhawara, kusan kullum suna da gurbi. To, amma wa ya rubuta wannan? Babu. Babu ma'auni da aka ajiye wanda ɗalibi zai duba tun yana aji ɗaya ya ce in na yi kaza da kaza na cancanta. Wanda aka tsallake ba a gaya masa dalili, ba shi da wurin kai kuka, bai ma san ko an ambaci sunansa ba. Mutum 15 ne suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa, kowa kuwa ya san halin ɗan Adam, in aka ce ya zaɓi magaji, wanda ya yi kama da shi zai fara hangowa.

Tarihin ƙungiyar ya nuna haka ƙarara. Sai a 1965 baƙar fata na farko ya shiga, watau bayan shekara 133 da kafa ta. Yale ta fara ɗaukar mata a karatun digirin farko a 1969, amma sai da aka shekara 22 kafin Skull and Bones ta waiwaye su. A 1991 ne ɗaliban da ke ciki suka zaɓi mata cikin magadansu, sai tsofaffin 'yan ƙungiya, waɗanda ke riƙe da ginin da dukiyar, suka canza makullan Kabarin suka bar yaran a waje. Aka jefa ƙuri'a ta gidan waya, masu goyon bayan mata suka sami 368, masu ƙi 320. Duk da haka wasu tsofaffi, ƙarƙashin jagorancin marubucin nan William F. Buckley, suka garzaya kotu suka samo umarnin dakatarwa, sai da aka sake ƙuri'a a watan Oktoba na shekarar kafin magana ta mutu. A duba fa, manyan mutane ne, lauyoyi da masu bankuna da 'yan majalisa, suka tsaya suna jayayya da yara sa'o'in jikokinsu a kan wanda zai ci tuwon dare a wani ɗaki. Da abin wasan yara ne kawai, da ba su kai shi gaban alƙali ba.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya hanyar. Ƙungiyar karramawa da ta fi kowace tsufa a Amurka ita ce Phi Beta Kappa, wadda wasu ɗalibai suka kafa a Kwalejin William and Mary ta jihar Virginia ranar 5 ga Disamba, 1776. Ita ma da asiri ta fara, da rantsuwa da gaisuwar hannu ta musamman. A 1831, lokacin da jama'ar Amurka suka taso wa ƙungiyoyin asiri, reshenta na Harvard ya yar da asirin, sauran rassa suka bi sahu. Tun daga nan ta zama ƙungiyar da ke auna ilmi. A yau tana da rassa a jami'o'i wajen 290, malaman jami'a waɗanda su ma 'yan ƙungiyar ne suke yin zaɓen, suna duba sakamakon jarrabawa da faɗin karatun ɗalibi, har da harshen waje da lissafi, kuma ba a wuce kashi 10 cikin 100 na masu fita.

Ga abin lura a nan. Reshen Phi Beta Kappa na Jami'ar Vermont ya ɗauki mata biyu tun a 1875, ya kuma ɗauki George Washington Henderson, baƙar fata wanda aka haifa cikin bauta, a 1877. A gwada da 1991 da 1965 na Skull and Bones, sai a ga tazarar shekara 116 da shekara 88. Ba wai malaman Vermont waliyyai ba ne, 'yan Yale kuwa shaiɗanu. Dalilin shi ne, in aka ce wanda ya fi maki shi ne zai shiga, sa'an nan yarinya ta zo ta fi kowa maki, to, mai son hana ta sai ya fito fili ya karya dokar da ya kafa da kansa, jama'a suna kallo. Inda kuwa babu ma'auni a rubuce, ba a bukatar karya kome, shiru kawai za a yi a kan sunanta. Gaskiya ne ita ma Phi Beta Kappa ba ta wanku sarai ba, domin sai a 1953 ta buɗe reshe a jami'o'in baƙar fata, a Fisk da Howard. Amma ƙofar da ke da ma'auni ta riga buɗewa, wannan ba abin musu ba ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Maki ba shi ne mutum ba. Ɗalibin da ya fito daga sakandare mai kyau, ba ya aikin wanke kwanuka da dare don ya biya kuɗin makaranta, ya fara tseren ne daga gaba. Akwai mai wayon zaɓen darussa masu sauƙi don makinsa ya hau, akwai kuma wanda ya ɓatar da rabin lokacinsa wajen hidimar 'yan'uwansa ɗalibai, makinsa ya ɗan sauka. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyi suka bi tsakiya. Mortar Board, wadda aka kafa a 1918 don ɗalibai mata, ta kuma buɗe wa maza ƙofa a 1975, tana duba abu uku, ilmi da jagoranci da hidima. Tana da iyakar maki da sai an kai kafin a duba mutum, ana cika takardar nema ko a gabatar da sunan ɗalibi, sa'an nan masu fita su zauna su tace, da malamai masu ba da shawara a kusa. Son zuciya yana iya shiga nan ma, ba shakka, amma an rage masa fili, kuma sunayen waɗanda aka zaɓa ba a ɓoye suke ba.

Abin da ya faru a Jami'ar Michigan ya isa misali a kan inda rufa-rufa ke kai ƙungiya. A 1902 aka kafa Michigamua, wadda ke zaɓen shugabannin ɗalibai 25 a shekara, har Gerald Ford, wanda ya zama shugaban Amurka a 1974, yana cikinta. Ƙungiyar ta gina bukukuwanta a kan kwaikwayon 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa, da shafa fenti a fuska da laƙabi na ba'a. A 1989 ta sa hannu a yarjejeniya cewa ta daina. A watan Fabrairu na 2000 wasu ɗalibai suka kutsa ɗakin taronta da ke hasumiyar ginin ɗalibai, suka zauna kwana 37, suka fito wa jama'a da kayayyakin da aka ce an rabu da su tun tuni. Ƙungiyar ta fara bayyana sunayen 'ya'yanta, ta sake suna zuwa Order of Angell a 2007, amma tabon bai goge ba. A 2021 'yan ƙungiyar da kansu suka yanke shawarar rushe ta. Shekara 11 aka yi ana zaton an cika alkawari, don babu wanda ke da ikon leƙawa ya gani, alhali kuwa a cikin ginin jami'ar gwamnati suke zaune.

A Ingila ma an ga irinsa ta wata fuska. Ƙungiyar Apostles ta Jami'ar Kambirij, wadda aka kafa a 1820, ta tara masu kaifin basira irin su Bertrand Russell da John Maynard Keynes, kuma 'yan ciki ne ke zaɓen na gaba bayan sun yi ta nazarin mutum bai sani ba. Cikin waɗanda ta zaɓa akwai Guy Burgess a shekarun 1930, da Anthony Blunt wanda ya riga shi shiga, dukansu biyu kuwa suka zama 'yan leƙen asirin Rasha. Burgess ya tsere Mosko a 1951, Blunt kuwa sai a 1979 Firayim Minista Margaret Thatcher ta tona shi a majalisa. Ba ƙungiyar ce ta sa su ba. Amma masu cewa zaɓen 'yan ciki ya fi jarrabawa gane halin mutum, sai su tuna da waɗannan biyu.

Masu kare Skull and Bones a yau suna cewa ai zamani ya canza. Haka ne, ya canza ƙwarai. Mujallar The Atlantic ta ba da labari a 2024 cewa a 2020 ƙungiyar ta zaɓi aji guda wanda babu farar fata ko ɗaya a ciki, kuma ɗaliban yanzu suna neman 'ya'yan talakawa da baƙi da gangan. Wasu sun yi murna, wasu tsofaffi sun fusata. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Fuskokin da ke ɗakin ne suka sake, ɗakin bai sake ba. Jiya mutum 15 sun zaɓi masu kama da su a gida da dukiya, yau mutum 15 suna zaɓen masu kama da su a ra'ayi, gobe kuma iska tana iya juyawa. Ɗalibin da ke waje har yanzu bai san mudun ba.

Ba ina cewa a hana mutane zaɓen abokansu ba. Kowa yana da ikon ya ci abinci da wanda ya ga dama, kuma na yarda cewa samari da 'yan mata 15, daga gidaje dabam dabam, da za su shekara suna faɗa wa juna gaskiyar rayuwarsu, za su ƙaru da abin da aji ba ya koyarwa. Inda na tsaya shi ne a kan suna. In ƙungiyar abokai ce, a kira ta haka, ta zauna a gidanta da kuɗinta. In kuwa za ta ce ita ce ke tantance fitattu, har masu ɗaukar aiki su riƙa ganin sunanta a takarda suna jinjinawa, har jami'a ta ba ta ɗaki da albarka, to, wajibi ne ta faɗi ma'auninta, ta bayyana masu zaɓe da waɗanda aka zaɓa, ta kuma yarda wani daga waje ya duba.

Mu a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan darasi, sai dai mun koye shi da jini. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar girman kai da ƙabilanci tsakanin ɗalibai, kuma masu ƙoƙari suke ɗauka. A 1972 wasu suka ɓalle suka kafa Buccaneers, daga nan ɓaraka ta yi ta haihuwar ɓaraka, kowace da rantsuwarta da asirinta, har Pyrates ɗin ta janye daga harabar jami'o'i a 1984. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da asuba, suka kashe ɗalibai biyar, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Ba na haɗa masu sara da harbi da yaran Yale masu cin abincin dare, ko kusa. Abin da nake nunawa shi ne, tubalin ginin iri ɗaya ne, watau 'yan ciki su zaɓi na gaba, a yi rantsuwa, a rufe ƙofa. Inda hukuma ke da ƙarfi abin ya tsaya ga alfarma, inda ta yi rauni ya zarce. Saboda haka duk jami'armu da ke sha'awar kwaikwayon wannan al'ada don ta karrama ɗalibanta, ta ɗauki ta Vermont, ta bar ta Kabari. Mun ma riga mun ga yadda karramawa ke lalacewa in ba ta da ma'auni, tun da sai da shugabannin jami'o'inmu suka taru a Keffi a 2012 suka kafa wa kansu ƙa'idoji a kan digirin girmamawa, bayan abin ya zama na mai kuɗi da mai mulki.

Saura takardar aminina. Akwai kashi na uku na waɗannan ƙungiyoyi wanda ba asiri gare shi ba, ba kuma ma'auni mai tsauri, kasuwanci ne tsagwaronsa. Sukan aika wa dubban ɗalibai takarda iri ɗaya mai hatimi da kalmomin yabo, duk wanda ya biya ya zama fitacce. Ɗaliban ƙasashen waje da iyayensu su ne suka fi faɗawa, don ba su san bambancin sunayen ba. Akwai wata majalisa a Amurka tun 1925, Association of College Honor Societies, wadda ke tantance irin waɗannan ƙungiyoyi, tana kuma da jerin waɗanda ta amince da su, ko da yake rashin suna a jerin ba shi kaɗai ne hujja ba. Na ce wa aminin nawa ya sa yaron ya duba jerin, sa'an nan ya je ofishin shugaban tsangayarsa ya tambaya ko ƙungiyar tana da reshe a jami'ar, da sunan malamin da ke kula da shi, da makin da ake bukata. Yaron ya je. Ba a sami sunanta a jerin ba, ba ta da reshe a jami'ar, kuma abokan ajinsa da dama, har da wanda ke maimaita darasi, sun sami takarda irin tasa a mako guda. Bai biya ba, an kuma fasa walimar.